Dajin na wa ne bayan an tashi daga taro?

Shekaru kaɗan da suka wuce na shiga wani gangamin dashen itatuwa a bakin wani gandun daji da ya fara komawa fili. Tun da sassafe motoci suka sauke dashe ɗaruruwa, kowanne cikin 'yar baƙar leda, ganyensa shar, ƙasarsa da danshi. Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, babban baƙo ya durƙusa ya dasa na farko, aka tafa. Mu kuma muka bazu da fartanya da bokiti. Har yau ina tuna yadda na riƙa danna gindin kowane dashe da tafin hannuna don kada iska ta kwantar da shi. Da zuciya ɗaya na yi aikin. Mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da dajin ma sun fito, su suka haƙa yawancin ramukan, su suka yi jigilar ruwa har rana ta take.

Bayan wata takwas hanya ta sake biyowa da ni ta wurin, rani ya yi tsakiya. Tsinkaye na tarar a jere, busassu, awaki sun gutsure kan wasu, wasu kuwa ko ledar ba a yage musu ba aka binne su. Allon da aka kafa ne kaɗai ke tsaye da ƙafarsa. Wani dattijo na zaune a inuwa yana gyaran ƙotar gatari. Muka gaisa, na ce, "Baba, ya aka yi itatuwan nan suka mutu haka, ba wanda ya ba su ruwa?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai itatuwanku ne. Mun zaci za ku dawo." Babu gatse a muryarsa. Ya ci gaba da aikinsa, can ya ƙara da cewa, "Ranar da suka girma, in jikana ya karya reshe ɗaya kama shi za a yi. To wa zai yi ta ɗaukar ruwa a ka yana shayar da abin da za a ɗaure masa jika a kansa?"

Wannan maganar ta zauna mini. Tun daga ranar, duk inda na ji ana cewa "an shigar da al'umma" cikin aikin kare gandun daji, nakan so in san shigarwar wace iri ce. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne an kira mutane sun yi aikin ƙarfi kyauta, an ɗauki hotonsu, an wayar musu da kai, an sallame su. Ra'ayina shi ne wannan bai isa a kira shi shigar da al'umma ba, kuma ba ya raya daji. Mutane na kula da wuri ne idan da bakinsu a dokar da ke tafiyar da shi, idan suna da rabo sananne a amfaninsa, kuma sun tabbata ba za a wayi gari a ƙwace abin da suka wahala a kansa ba. Idan aka rasa waɗannan, ko an dasa miliyan, rani ɗaya ya ishe su.

Yadda aka faro wannan harka ta keɓe daji shi ya haifar da matsalar. A 1872 Amurka ta keɓe Yellowstone, wanda ake ɗauka a matsayin gandun ƙasa na farko a duniya. An hana 'yan asalin yankin farauta da zirga-zirgar da suka gada, kuma daga 1886 har zuwa 1918 sojoji ne ke gadin wurin. Wannan tsari na shata iyaka a kori mutane a sa mai bindiga shi Turawan mulkin mallaka suka yaɗa a Afirka da Asiya. A 1959 aka tashi Masai daga Serengeti a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, aka mai da su Ngorongoro, alhali sun daɗe suna kiwo a filin tare da namun dajin da ake cewa za a kare daga gare su. Mutumin da kakansa ya san kowace ƙorama da kowane tsiro mai magani a dajin ya koma ɓarawo idan ya taka shi. Dogarin daji ya zama abin gudu. Ba abin mamaki ba ne idan wanda aka yi wa haka ya ga wuta ta kama dajin ya naɗe hannu.

Masu wannan tsari suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. A 1968 wani masanin halittu ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya yi bayanin da ya karɓu ƙwarai: idan makiyaya ta kowa ce, kowane mai shanu zai ƙara sa ɗaya, domin ribar tasa ce shi kaɗai, asarar ciyawa kuwa a raba ta ga kowa, har wurin ya ƙare ƙurmus. Mafita a ganinsa, ko hukuma ta riƙe, ko a mallaka wa mutum ɗaya. Duk wanda ya ga yadda ake wawushe abin da ba shi da mai shi ya san akwai gaskiya a nan.

Sai dai Elinor Ostrom, wadda a 2009 ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ta bi diddigin wuraren da jama'a suka riƙe dukiyar tarayya shekaru aru-aru ba ta lalace ba. Ɗaya daga cikin misalanta wani ƙauye ne a tsaunukan Suwizalan mai suna Törbel, inda mutane suka rubuta yarjejeniyar makiyayarsu da dajinsu tun 1483. A 1517 suka kafa doka cewa ba wanda zai kai shanu makiyayar tarayya fiye da adadin da zai iya ciyarwa da kansa a lokacin sanyi. Doka ce ƙarama, kowa na iya ƙirga shanun maƙwabcinsa, saboda haka da wuya a yi maguɗi. Abin da Ostrom ta tarar a irin waɗannan wurare, daga can har Japan da Sifen da Filifin, ya yi kama da juna. An san iyakar wurin, an san su wane ne masu haƙƙi. Masu amfani da wurin su ke tsara doka, su ke sa ido. Hukunci yana hawa ne daki-daki, mai laifin farko a ja masa kunne, in ya maimaita a ci shi tara. Akwai inda ake sasanta rikici ba tare da kashe kuɗi ba. Sannan hukuma ta amince da wannan tsari, ba ta zo ta rushe shi da takarda ɗaya ba. Abin da Hardin ya siffanta wuri ne mara mai shi. Wurin da jama'a suka mallaka tare, da doka da mai tsawatarwa, wani abu ne daban.

Ƙasar Nepal ta ɗanɗana hanyoyin biyu. A 1957 gwamnati ta mai da dazuzzuka mallakarta, da nufin kare su. Ƙauyawa suka ga abin ya fita daga hannunsu, ma'aikatan gwamnati kuma ba su da yawan da za su tsare tsaunuka, sai sara ya ƙaru. Daga baya aka sauya tunani, har dokar gandun daji ta 1993 ta ba ƙungiyoyin ƙauyawa ikon riƙe dajin da ke kusa da su, su tsara lokacin yankan ciyawa da ɗibar itace, su sayar da abin da ya yi saura su riƙe kuɗin. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 22,000. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan adam ya nuna dajin ƙasar ya tashi daga kusan kashi 26 cikin ɗari na faɗinta a 1992 zuwa kusan kashi 45 a 2016. Gaskiya ne cewa ficewar matasa zuwa ci-rani ta rage matsin lamba a kan gonaki da daji, wannan ma ya taimaka. Amma ƙasashe nawa ne matasansu suka fice dajinsu bai dawo ba?

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na kudancin Jamhuriyar Nijar, domin a can kusan ba a dasa komai ba. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935, itatuwa masu daraja na hukuma ne ko da a gonar mutum suka tsiro, kuma ana iya cin manomi tara idan ya sare reshe. Sakamakon haka manomi ya ɗauki itace a matsayin mai jawo masa fitina, da ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun bai girma ba. Aka yi ta kashe kuɗi ana kafa wuraren renon dashe, yawanci suna mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ta iya ratsa yashi, sai ya lura da 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki. Da ya duba ganyensu da kyau ya gane tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta yi nisa har inda danshi yake.

Aikin da ya biyo baya kowa na iya yin sa da wuƙa ko lauje. Manomi zai tsuguna gaban kututture mai toho ashirin ko talatin, duk sun cunkushe suna ƙwacen abinci. Zai zaɓi uku ko biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya sassabe ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Wani ya ɗaura ƙyalle a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Tunda saiwar tsohuwa ce, a shekara biyu zuwa uku sai ka ga abin ya wuce tsayin mutum. Sassabin zamani, haka manoman suka raɗa masa. A farko an sha wuya. Lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, da aka daina rabon kuwa manoma da yawa suka sare itatuwan da suka bari. Abin bai kama ba sai da jami'an daji suka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, zai iya sassabe shi ya yi girki, ya ba dabba ganye, ya sayar da itace. Daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawancinsu irin su gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Waɗannan gonaki ne, na sani, ba gandun da aka keɓe ba. Amma mutanen nan da aka ce su ne masu kashe daji, su ɗin dai ne suka dawo da shi, da ƙasa ɗaya da ruwan sama ɗaya. Amsar tambayar "na wa ne?" ita ce ta sauya.

Kada a ɗauka zancen na ƙauye ne kawai. Dajin Karura yana cikin birnin Nairobi na ƙasar Kenya, faɗinsa kimanin hekta dubu. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara yanka shi a ɓoye ana raba wa masu gine-gine. Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a 1977, ta jagoranci jama'a suka riƙa shiga suna dasa itace a filayen da aka share. A watan Janairun 1999 'yan daba suka far musu, aka fasa mata kai. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, daga ƙarshe aka janye shirin. Amma ceto dajin daga masu gini bai sa ya zama wurin zuwa ba, ya daɗe yana maɓoyar 'yan fashi. Sai a 2009 mazauna kewayen suka kafa ƙungiya, suka ƙulla yarjejeniyar gudanarwa da hukumar gandun dajin ƙasar, kamar yadda dokar 2005 ta ba da dama. Aka kewaye shi, aka ɗauki masu sintiri daga unguwannin talakawa da ke gefensa, aka riƙa cire baƙin itatuwa ana mayar da na asali. Yau iyalai na yawo a ciki da 'ya'yansu. Dajin da mutanen kirki ba sa shiga, wasu ne za su shige shi, kuma an ga haka a ƙasashe da dama inda gandun da aka yi watsi da shi ya koma sansanin masu ɗauke da makamai.

Akwai masu cewa ana zuzuta al'umma fiye da kima, kuma ina ganin dole a saurare su. Kalmar "al'umma" tana ɓoye abubuwa da yawa. A ƙauye ɗaya akwai mai gona babba da wanda ba shi da ko taki ɗaya, akwai manomi da makiyayi, akwai mai ƙona gawayi da mai neman ganyen magani, kuma buƙatunsu na karo da juna. Idan aka ce a kafa kwamiti, waɗanda suka saba zama a gaba su ke cika kujeru. Matar da ke tafiyar awa biyu neman itacen girki, wadda ta fi kowa sanin wane ɓangare ne ya fara ƙarewa, ba a kiran ta. Makiyayin da ke ratsowa sau ɗaya a shekara ba ya nan ranar taro, sai ya dawo ya tarar an toshe masa hanya. A Nepal ma an yi ta kukan cewa masu hali sun fi cin moriyar dajin, talaka kuwa an taƙaita masa ɗibar itacen da da shi yake rayuwa. A Zimbabuwe, shirin da aka fara a 1989 don ƙauyawa su amfana da kuɗin namun daji ya yi ta fama da matsala ɗaya: ikon ya tsaya a hannun ƙananan hukumomi, kuɗin da ke isa ƙauye bai kai abin da aka yi alkawari ba.

Ko inda abin ya yi kyau akwai tsada. Namibiya ta gyara dokarta a 1996 ta ba mazauna karkara ikon kafa yankunan kula da namun daji, su ɗauki masu gadi daga cikinsu, su ƙulla ciniki da masu kawo 'yan yawon buɗe ido. Yankunan sun haura 80, sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, giwaye kuma sun ƙaru sosai. To amma giwa ba ta san yarjejeniya ba. Dare ɗaya za ta tattake gonar da mutum ya yi wa wahalar shekara, zaki ya kashe saniyar da ita ce jarin gida. Da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, kuɗin baƙi ya ƙafe, albashin masu gadi ya shiga haɗari. Duk wanda zai ce wa mutane su zauna lafiya da namun daji, to ya zo da amsar wanda zai biya idan an yi ɓarna, kuma a biya da wuri.

Waɗannan matsaloli ba su sa na sauya ra'ayi ba. Abin da suka nuna mini shi ne miƙa daji ga jama'a aiki ne mai buƙatar tsari, kuma hukuma ba ta da damar zare hannunta. Ƙauyawa na iya hana ɗan uwansu saran ɗanyen itace, amma ba za su iya tare motar katako mai ɗauke da takardar izini daga babban birni ba, ba za su iya korar mai haƙar ma'adinai da ke da ɗaurin gindi ba. Nan ne ake buƙatar ƙarfin hukuma. Abin takaici, sau da yawa ƙarfin nan a kan mai ɗaurin itace a ka yake sauka, babbar mota kuwa a ɗaga mata shinge. Akwai kuma ilimin da masana ke da shi wanda mazauna wuri ba su da shi, kamar ƙidayar dabbobi, da gane baƙon tsiro mai mamaye wuri tun bai yaɗu ba, da sanin inda tsuntsun da ke sauka a fadamarsu yake zuwa idan ya tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wani lokacin sai ya nemi magini.

Abin da nake so in gani a kowane gandun daji, babba ko ƙarami, ba shi da wuyar faɗa. A zauna da mutanen kewaye tun kafin a shata iyaka, a taka ta da ƙafa tare da su. A rubuta yarjejeniya cikin harshen da suke ji, a karanta ta a bainar jama'a, ta faɗi ɓangaren da ba a taɓawa sam, da inda za a yanki ciyawa ko a ɗebi busasshen itace ko a kafa amya, da watan da za a yi hakan. Kujerun mata da na makiyaya su zama tilas a kwamiti. Kuɗin da ya shigo, na ƙofa ne ko na tara, a liƙa lissafinsa inda kowa zai gani. Masu sintiri su fito daga cikin gari, a kuma biya su, domin sa kai yana da iyaka ga mai iyali. Yarjejeniyar ta yi tsawon da mutum zai dasa itace ya ci amfaninsa, kada ta zama ta shekara uku da za ta mutu ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare. Sannan a daina auna nasara da yawan abin da aka dasa. A dawo bayan rani uku a ƙirga masu rai.

Mu ma da ke zuwa daga nesa da niyyar taimako akwai abin da ya hau kanmu. Ranar gangami daɗi gare ta, amma wahalar tana cikin sauran kwanakin shekara: ban ruwa, gyaran shinge, share hanyar da za ta tare gobara kafin ciyawa ta bushe, tumɓuke baƙon tsiro, kwashe leda daga bakin rafi, zaman sasanci da ba ya ƙarewa da wuri. Wanda zai iya ba da yini ɗaya a wata har shekara biyar ya fi amfani a kan ɗari da za su zo sau ɗaya. Malamin makaranta da ke kai ɗalibansa su koyi sunayen itatuwa daga bakin tsofaffin wurin yana yin aikin da babu allon gargaɗin da zai yi shi.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa yanzu. A watan Disambar 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashe kusan 200 suka amince a keɓe kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku domin kariya kafin 2030. Yarjejeniyar ta ambaci mutunta haƙƙin 'yan asalin wuri da mazauna karkara. Amma wa'adin gajere ne, kuma hanya mafi sauri ta cika alƙaluma ita ce a ja layi a kan taswira daga ofis. Filayen da za a ja wa layin akwai mutane a cikinsu, suna noma, suna kiwo, suna kamun kifi, kuma da yawansu ba su ma ji an yi taron ba.

Na sake komawa bakin dajin nan bara. Ba a ƙara yin gangami ba, allon ma ya faɗi. A gefen gonar dattijon, daga wajen iyakar gandun, na ga kututture huɗu da aka sassabe, kowanne da toho uku a miƙe, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Daga cikin iyakar kuwa, taku goma kacal, irin kututturen nan ne birjik, sun fi ɗari, tohonsu a cunkushe, ba wanda ya sa musu wuƙa.